Malama Hajo da Hular Alhaji Gwadabe

Duk wanda ya saba bin hanyar Ƙofar Mazugal da sassafe ya san Malama Hajo, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar gajeriyar matar nan mai hijabi ruwan toka, mai sauri kamar an biyo ta, jaka a kafaɗa, gwangwanin madara a hannu yana ta kacau-kacau. Yara 'yan unguwa sun daɗe suna gardama a kan abin da ke cikin gwangwanin nan, alhali ba komai ba ne illa ƙwallayen dabino. Shekara ashirin da shida ta yi tana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata da ke bayan ƙofar, kuma a cikin ta ashirin da shidan ne saura ƙiris a karɓe alli daga hannunta a damƙa mata makullin sito. To amma kada mu yi gaggawa, ita ma ba ta son gaggawa a karatu. Sai mun fara biyawa ta Kabara, don a can aka ƙulla abin.

A Kabara aka haife ta, can cikin wani lungu da ko a-daidaita-sahu ba ta iya kutsawa. Mahaifinta marini ne a Ƙofar Mata, mutum mai shuɗin hannu da ƙarancin magana. Mahaifiyarta kuwa, Inna Sa'ida, ɗinkin hula take yi, kuma ba ta sayen zanannen ƙyalle kamar sauran mata, da kanta take zana abinta. Inna ba ta taɓa leƙa ajin boko ba. Ko sunanta aka rubuta mata da Turanci, sai ta juya takardar sama da ƙasa ta ce wannan zane bai yi kyau ba.

Ita Hajo, Allah ya ba ta kai kamar rikoda. Abu in ta ji shi sau biyu, ya zauna ke nan. A islamiyya wannan baiwa ta ɗaukaka ta, har ita ake sakawa ta biya wa na baya. Da aka kai ta boko sai ta ɗauka duk karatu ɗaya ne, ta kama lissafi ma da hadda. Malami zai cika allo da misali, ta haddace shi tun daga lambar tambaya har ɗigon ƙarshe. In ya gama ya kakkaɓe hannu ya ce, "Kun gane?" sai aji ya ɗauka gaba ɗaya, "Mun gane!" Muryar Hajo ce ke fita sama da ta kowa. Kuma ba ƙarya take nufin yi ba. Ai rashin kunya ne babba ya gama wahala a gabanka, ka buɗe baki ka ce masa ba ka gane ba.

Haka ta yi ta hayewa har kwalejin horar da malamai, inda hadda ta kai ta ta baro. Ta haddace lissafin tankin da famfo biyu ke cikawa. Ranar jarrabawa sai ga tanki, sai ga famfo ɗaya yana zuba, ɗaya kuma huda ce a gindi tana zubarwa. Hajo ba ta tsaya kallon huda ba, ta haɗa su kamar yadda ta haddace. Haka ta yi wa sauran tambayoyin, kowace ta ɗora mata rigar 'yar'uwarta. Da sakamako ya fito, sai ga sunan gwanar hadda ta Kabara a cikin waɗanda za su maimaita.

Kwana biyu tana kwance a ɗaki tana sharɓar kuka. A rana ta uku da hantsi Inna ta ɗaga labule.

"Tashi, 'yar nan, kuka ba ya ɗinka hula. Ga ƙyalle, ga biro. Zana mini zanen nan mai gida-gida da kika ce kin iya."

Hajo ta karɓa. Ta iya shi kuwa, don ta sha kallon Inna tana yi. Ta faro daga goshi tana jera gidaje, kowane ya fito tsaf, har ta kewayo baya. Nan ta ga saura gida ɗaya a haddarta, amma wurin da ya rage bai fi rabin gida ba. Sai ta matse shi, ta cusa shi a haka, ta miƙa.

Inna ba ta ko kalli gaban ba, ta juya ƙyallen. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan gidan na ƙeya, jinya ya yi ne ya rame haka?"

"Haka na haddace shi, Inna. Gida goma sha huɗu ne."

"Goma sha huɗu a kan wa? Wancan da kika gani na wani Alhaji ne ɗan Kurmi, kai kamar tulu. Wannan kuwa ta ɗan maƙwabta ce mai kai kamar goruba. Kin haddace zane, ba ki tambayi kai ba."

Ta zaro zare ta auna tsawon ƙyallen, ta ninka zaren biyu, ta sake ninkawa, tana ɗiga alama a kowane ninki. Tana yi tana magana, ba ta ko ɗago ba. "Ni kafin allura ta taɓa ƙyalle, abu uku nake tambayar kaina. Kan waye? Me ke hannuna? A ina zai haɗu? In na gama kuma ba goshi nake dubawa ba, goshi kowa ya iya shi. Ƙeya nake dubawa. A ƙeya ake kama mai ɗinki."

Hajo ta yi tsuru tana kallon zaren nan. Sai hudar tankin ta faɗo mata a rai. Ashe ita ma ba ta tambayi kai ba. Da ta koma kwaleji ta zama wata iri, ba ta taɓa biro sai ta juya tambaya ciki da bai, ta faɗa wa kanta ita da Hausa, ta zana ta. Ta ci jarrabawar, ta fito malama, ta yi aure a nan cikin gari, ta haifi 'ya'ya huɗu, amma ba ta taɓa jefar da ƙyallen nan mai ramammen gida ba. Yana cikin jakarta har gobe.

Ranar da ta fara shiga aji a matsayin malama, dokarta ta farko ta ba kowa mamaki. Ta haramta "mun gane". Ta ce duk yarinyar da ta ɗaga hannu ta ce "ban gane ba", ta kuma nuna daidai wurin da ta ɓata, tana da dabino ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne in ta cinye, ta wanke ƙwallon ta jefa a gwangwani. Sati biyu babu wadda ta yi ƙuru. Daga baya kwaɗayi ya rinjayi kunya, aka fara ɗaga hannu. Da waɗannan ƙwallaye ake ƙirga, da su ake jera layi, da su ake raba kashi. Takan girgiza gwangwanin ta ce, "Kun ji wannan? Kowane ɗaya a ciki 'ban gane ba' ne na wata yayarku. Wasu daga cikinsu yanzu likitoci ne."

Ajinta ba ya shiru. Tambaya ɗaya takan cinye darasi guda. Sai an fara faɗarta da Hausa kamar yadda za a faɗa wa kaka a gida, sannan a yi tambayoyin Inna guda uku, sannan a zana, a gwada, a yi gardama, a kuskure, a sake. In an samo amsa kuma, Malama ba ta cewa daidai ne ko ba daidai ba. Hannu kawai take kaiwa ta shafa ƙeyarta, su kuma sun san nufinta: a mayar da amsar cikin tambayar a ga ko ta haɗu. Huluna kuwa ba a magana, har da ƙyallaye da zare a cikin kabad ɗin ajin.

Shekara da shekaru 'yan aji ɗaya ake ba ta, don haka ita ke shuka, wasu su girbe. Yaranta su je aji uku su yi fice, a yaba wa malamin aji uku. Ba ta damu ba. Sai a shekarar da muke magana aka yi ƙarancin malamai, aka ba ta aji uku, kuma rukunin ƙarshe, inda ake tara waɗanda aka fid da rai da su. Su sittin da biyu ne, kuma babu wadda ta taɓa bi ta hannunta. A cikinsu akwai Bahijja, doguwar yarinya mai zama a layin baya, wadda ta maimaita aji sau biyu. Da yamma ɗinkin hula take taya uwarta, da safe kuma ta zo ta yi ta kallon taga. Wata guda cur ba a ji muryarta ba, sai ranar da Malama ta fito da ƙyalle da zare. A ranar ta ci dabino uku.

A wannan shekarar kuma aka kawo sabuwar shugaba, Hajiya Sumayya. Mace ce mai son aiki, ba muguwa ba ce, amma a wurinta karatu shi ne littafin rubutu ya cika, manhaja ta ƙare a kan kari. Ran wata Litinin ta kira Malama Hajo ofis.

"Malama, zauna. Kin girme ni, kin riga ni shiga aikin nan, don haka ba zan yi miki kwana-kwana ba. Malam Nazeer, mai koyar da lissafi a ɗaya rukunin aji uku, yana babi na goma sha ɗaya. Ke kina na nawa?"

"Na shida, Hajiya."

"Na shida! Na leƙa ajinki ranar Alhamis, na rasa gane ko lissafi ake ko gidan biki ne. Wata na auna taga da zare, wata na tsotsar dabino."

"Ai wadda ke tsotsar dabinon ita ta fi kowa aiki a ranar."

Hajiya ba ta yi dariya ba. "Jibi Laraba mai duba makarantu zai zo, Alhaji Gwadabe. Kin san shi, ba ya duba rajista kawai, aji yake shiga ya yi tambaya da kansa. In yaranki suka ba mu kunya, ba ni da yadda zan yi. Malam Nazeer zai haɗa ajinsa da naki, ke kuma ki riƙe mana sito har lokacin ritayarki. Ai hutu ne ma."

Sito! Ɗakin tsintsiya da karyayyun kujeru, inda za ta zauna tana miƙa wa wasu alli ta taga. Malama Hajo ta ce, "To, Hajiya," ta fito.

A bakin ƙofa ta haɗu da Malam Nazeer. Saurayin malami ne mai ladabi, kuma har ga Allah ba ya son a ce shi ya ture ta. Ya miƙa mata takarda shafi biyu. "Hajiya Malama, ga dokokin babi biyar ɗin da suka rage miki, na taƙaita su. Ki ba su su haddace yau da gobe. Wallahi yaranki sun iya hadda, duk 'yan islamiyya ne."

Ta karɓa ta yi godiya. Ranar Talata ta shiga aji, ta zaro takardar, ta ɗauki alli, har ta kai hannu jikin allo. Sai ta waiwaya ta kalli fuskokin nan sittin da biyu da suka sha wuya kafin su koyi cewa "ban gane ba". In ta rubuta dokokin nan, kafin a tashi za su koma "mun gane". Hannunta ya taɓo tsohon ƙyallen a cikin jaka. Ta ninke takardar Malam Nazeer ta mayar, ta ce, "Ina muka tsaya jiya? Tankar ruwa, ko?"

Laraba ta yi. Alhaji Gwadabe ya iso da hantsi, dattijo mai tsayi da farin gemu, babbar riga fara sol, da hula mai ruwan ƙasa da aka wanke ta miƙe tsaf. Fuskar nan babu alamar wasa. Ajin Malam Nazeer ya fara shiga, bango ɗaya ne tsakaninsu. Malama Hajo ta ji ƙarar alli a jikin allo, ko minti ɗaya ba a yi ba ta ji aji ya ɗauka da murya ɗaya, "Ashirin da ɗaya!" Irin wannan saurin, yaranta ba su da shi.

Sai ga shi ya shigo, Hajiya Sumayya na biye. Aka miƙe aka gaishe shi. Ya dubi gwangwani a kan tebur, ya dubi zare a rataye a ƙusa.

"Nan ne ajin ɗinki?"

"Na lissafi ne, ranka ya daɗe," in ji Malama Hajo.

"To, mu gani." Ya ɗauki alli ya rubuta tambaya da Turanci, kamar yadda takan zo a jarrabawa. Fili ne zagayayye, kewayensa mita ɗari da ashirin. Za a dasa darbejiya a bakinsa, tsakanin kowace bishiya da ta kusa da ita mita shida. Bishiya nawa za a dasa?

Malama Hajo na karantawa ta gane daga ina aka ɗebo ta. Babi na tara ne, wanda ba su je ba. A can littafi ya kawo misalin dasa bishiyoyi a bakin titi, ya ce a raba, sannan a ƙara ɗaya. Yaranta ko labarinsa ba su taɓa ji ba.

Alhaji ya dubi agogo. Hajiya Sumayya ta fara fifita da littafin rajista. Can sai wata ta ce a hankali, "Wai fili ne kamar faifai, za a kewaye shi da bishiya." Shi ke nan, kamar an buɗe rumbun tsuntsaye. Aka jujjuya kujeru, aka zazzage gwangwani, wasu na zana da'ira a bayan littafi, wasu sun yi zobe da zare a ƙasa suna jera ƙwallayen dabino. Wata na cewa, "Ke, me ke hannunmu tukuna?" wata na cewa, "Matsa mini, kin taka mini bishiya!" Hajiya ta runtse ido. Minti bakwai aka yi ana wannan, kuma a wurin Malama Hajo sun fi shekara bakwai.

Daga layin baya hannu ya tashi. Bahijja ce.

"Ashirin ne, Baba Alhaji."

"Ashirin?" Ya haɗe gira. "Duk kun yarda?"

Aka ce an yarda, amma ba da ƙarfi ba.

"Ajin da na baro yanzu, mutum saba'in, bakinsu ɗaya: ashirin da ɗaya. Ga littafinku nan, buɗe babi na tara, ya ce in an raba a ƙara ɗaya. Ke kin fi mutum saba'in ne? Ko kin fi wanda ya rubuta littafi? Sau nawa kika maimaita aji, na ga kin fi sauran tsawo?"

"Sau biyu," in ji Bahijja, kanta a ƙasa.

Hajiya Sumayya ta yi maza ta ce, "Bahijja, ba a jayayya da manya. Ba Alhaji haƙuri ki zauna."

Yarinyar har ta fara shirin zama. Malama Hajo ta san amsar, kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Amma in ita ta faɗa, ta tsirar da kanta ne kawai, yarinyar kuwa ta koyi cewa gaskiyar lissafi sai babba ya sa mata hannu. Ta danne bakinta. Da Bahijja ta saci kallonta, sai kawai ta ɗaga hannu ta shafa ƙeya ta saman hijabi.

Bahijja ta miƙe sosai.

"Baba Alhaji, don Allah don Annabi, ka ara mini hularka."

Aji ya ɗauki salati. Hajiya ta dafe ƙirji. A cikin garin nan, yarinya ta ce wa dattijo ya tuɓe hula a bainar jama'a? Sai Alhaji Gwadabe ya sa hannu biyu ya cire hular, sai ga sanƙo yana ƙyalli kamar sabon kwano.

"Duk wadda ta yi dariya sai na rubuta sunanta," ya ce. Aka yi ta cusa hijabi a baki.

Bahijja ta fito ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Da hular ta shiga hannunta sai ta saki jiki, don hula ce sana'ar gidansu. Ta ɗora babban yatsa a kan gida ɗaya na zanen.

"Baba, ka ɗauka kowane gida bishiya ce. Ga ta farko, na danne ta." Ta bi su tana juya hular tana ƙirgawa har ta dawo kan yatsanta. "Ka gani? Inda na fara, nan na ƙare. Shi titi baki biyu gare shi, farko daban, ƙarshe daban, dole kowane baki a ba shi bishiyarsa, shi ya sa ake ƙara ɗaya. Amma fili zagayayye hula ne, farkonsa shi ne ƙarshensa. Ɗari da ashirin a raba shida-shida, ashirin. In aka ƙara ɗaya, a ina za a dasa ta? Sai dai a kan ta farko. Rami ɗaya, bishiya biyu."

Tana cikin magana ta juya hular ta baya, sai ta yi turus.

"Mene ne?" in ji Alhaji.

"Ba komai, Baba."

"Faɗi mana, ai kin riga kin tuɓe ni."

"Wanda ya zana wannan ma ya ƙara ɗaya. Ga shi nan a ƙeya, an matse shi, duk ya rame."

Alhaji ya karɓa, ya ɗaga ta saitin taga, ya gyara tabarau. Ga shi kuwa, wani siririn gida an cusa shi tsakanin 'yan'uwansa. "Lallai! Shekara biyu ina yawo da wannan a ƙeyata, kuma surukina ne ya kawo mini ita!" Sai ya fashe da dariya, dariya ta gaske har da riƙe ciki. Aji ya samu izini, aka saki hijabai aka yi ta ƙyaƙyatawa. Malama Hajo tana dariya tana goge ido, don ta ga ɗan'uwan gidan da ke cikin jakarta.

Bai bar su haka ba. Ya goge allo ya ce, "In titi ne miƙaƙƙe, tsawonsa ɗaya da kewayen filin?" Wata ta jera ƙwallaye a bakin tebur ta ce ashirin da ɗaya. "In filin mai kusurwa huɗu ne fa?" Aka ɗan yi ƙus-ƙus, wata ƙarama a gaba ta ce, "Indai ya kewayo ya haɗu, Baba, hula ne." Ya sake kawo wata daga babi na goma, wadda ba ruwanta da bishiya ko da'ira. Aka ɗauki lokaci, aka kuskure sau ɗaya, su da kansu suka kama kuskuren da suka duba ƙeya, suka gyara.

Alhaji Gwadabe ya mayar da hularsa, ya juya ga shugaba. "Hajiya, makaranta goma sha ɗaya na kai tambayar nan a zangon nan. An samu ɗaiɗaiku da suka ce ashirin. Amma da na haɗe gira na ambaci littafi, duk sai su janye su ba ni haƙuri. Yau ne kaɗai aka tsaya aka nuna mini." Ya dubi Malama Hajo. "Malama, a wace jami'a kika koyo wannan hanya?"

"A Kabara, ranka ya daɗe. Wurin mahaifiyata."

"Farfesa ce?"

"Ɗinkin hula take yi."

Abin da ya rubuta a littafin baƙi ya cika shafi guda. Hajiya Sumayya ta karanta shi sau biyu, kuma da yake mace ce mai gaskiya, da kanta ta tako har aji bayan an tashi. Ta ce, "Malama, makullin sito na nan a wurina, kuma a wurina zai zauna. Amma don Allah ki ɗan taɓa babi na bakwai kafin hutu." Malama Hajo ta ce in sha Allahu. Washegari Malam Nazeer ya zo yana sosa kai, wai ko za a sam masa ƙwallayen dabino. Ta ce masa ba a bayar da su aro, kowa yaransa ke tara masa, amma ga dabino mudu guda ya je ya fara. A ƙarshen shekara rukunin da aka fid da rai da su suka wuce babbar sakandare, in ban da mutum huɗu, kuma Bahijja na cikin na gaba-gaba. Yanzu duk Asabar ɗin farkon wata malaman lissafi na makarantun kewaye sukan taru a ajin Malama Hajo, manya da gemunansu, suna durƙushe a ƙasa suna jera ƙwallaye.

Kafin Alhaji Gwadabe ya tafi a ranar nan, ya bar wani zare da ya auna kansa da shi, ya ce tunda an tona asirin tsohuwar hularsa, sai a yi masa sabuwa. Bahijja ta zana, ta ɗinka, wata biyu tana yi. Da ta gama, Malama Hajo ta ce ba za a kai ba sai an biya ta wurin mai duba na gaskiya.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar suka shiga lungun Kabara. Inna Sa'ida na zaune a tabarma a tsakar gida, tsufa ya kama ta, idanun sun yi hazo, allura ta daɗe da gagarar ta. Bahijja ta durƙusa ta gaishe ta, ta sa mata hular a hannu.

"Ta waye?" in ji Inna.

"Ta wani Alhaji ce, Inna, babba a wurin aikinmu," in ji Malama Hajo.

"An auna kan, ko haddacewa aka yi?"

"An auna."

Inna ba ta taɓa goshin ba. Ta juya hular, ta bi ƙeyar da yatsu, gida bayan gida, ta je ta dawo, ta sake komawa. Malama Hajo, mai shekara hamsin da biyu da jikoki uku, ta samu kanta tana riƙe numfashi kamar ranar farko.

"Wa ya koya wa yarinyar nan?"

"Ni ce, Inna."

Tsohuwar ta yi murmushi, ta miƙa hular. "Ta haɗu," ta ce. "Ku kai masa."